Kujera a Gonar Golmo

A bariki aka haife ni. Mahaifina soja ne, mutumin Dabai ta ƙasar Zuru, amma da Hausa muka tashi a gida, don ita ce harshen bariki. Da ya yi ritaya muka dawo Zuru, lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari, sai na tarar ba ni da suna sai "ɗan bariki". A makaranta can Sakkwato Badakkare nake, a nan kuma wai Bahaushe. To, ina zan sa kaina?

Akwai wata yarinya 'yar garin Manga da muke waƙa tare a coci, na ce ita nake so. Baffana ya ce a wurinmu ba da daɗin baki ake samun mace ba, sai da golmo: saurayi ya tara sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, har a yarda namiji ne. Na ce zan yi. Na saɓi garma na bi 'ya'yan baffana, har hannuwana suka yi bororo.

Rana ta ɗaga sai ga uban yarinyar. Ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya yana zazzaga musu zagi da C'lela, yarenmu da ban iya ba, suna ta dariya. Daga baya na ji wai ragwaye yake ce musu. Da ya iso kaina sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya tambayi lafiyar mahaifina, ya sa aka kawo kujera gindin ɗorawa.

"Zauna, ɗana," in ji shi. "Baƙo ba ya wahala a gonata."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Baƙo? Kakana a kan dutsen can aka binne shi. Garin nan kowa na alfahari shi gidan sojoji ne, ana tura maza su yi shekaru a barikokin duniya, sannan in 'ya'yansu sun dawo ba harshe a ce laifinsu ne. Wa ya koya mini na ƙi? Na ce Baba a bar ni in ƙarasa aikina, ya yi murmushi ya karɓe garmar da hannunsa. Na zauna ina cin raina, ina kallon ana noma.

Damina ta zagayo, ba wanda ya kira ni. Wanda ya fi kowa shan zagi ran nan shi ya aure ta. A bikin ma kujera suka ba ni, can gaba, cikin manyan baƙi.