Kwano Biyu Na Irin Gero A Ɗakin Karatu

Malama Safiyatu Na'Allah ɗiyar wan babana ce, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. A Kurawa aka haife mu. Ita ta yi boko har Sakkwato, ta dawo ta kama aikin kula da ɗakin karatu a wata kwaleji a Isa. Ni ce mai yi mata shara, saboda haka abin da za ni faɗa a gabana aka yi shi.

Aikinta na kullum koya wa ɗalibai bincike a intanet. Ba ta hana su, ita ma tana yi. Amma da ka rubuta tambaya amsa ta fito, sai ta tsare ka: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta? Abin da ya fito a sama, in ji ta, ba don ya fi gaskiya ya hau can ba. Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Yaushe.

A shekara ta biyu da ake fari, ba ruwan sama, irin geron da ya rage a Kurawa bai wuce na shuka ɗaya ba. Lokacin shuka na wucewa, sama fayau. Sai Alhassan, magidanci, ɗalibinta ma, ya je gida da waya yana nuna wa dattawa wani shafi da ya ce ruwa mai ƙarfi na tafe ranar Alhamis. Aka yanke a yi binne, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

Mahaifinta, Baba Yero, ya aika ta zo, na raka ta. Ta karɓi wayar, ta duba sama ta duba ƙasa. Babu kwanan wata, babu sunan wanda ya rubuta.

"Baba, ban sani ba," ta ce. "Wanga shafi bai faɗi wace Alhamis yake nufi ba."

Ranar na ji kunya ƙwarai. Duk karatun nan, a gaban dattawa, sai "ban sani ba"? Har zaginta na yi a hanya, ta yi mini banza. Ashe ta roƙi uwarta ta ɗibar mata kwano biyu na iri, ta kawo Isa ta kulle a kabad ɗin tsofaffin jaridu.

Alhamis ta zo da yayyafi. Bayan binne ba abin da manomi ke tsoro kamarsa, don yana jiƙa iri ya tashe shi, sannan ya ɗauke. Gero ya tsiro kore shar, dattawa na kallon gabas. Kwana tara rana ta ƙone shi ƙurmus.

Ban san wa ya fasa zancen kwano biyun ba. Ƙila ni ce, bakina ba linzami. Jiya da hantsi na zo da tsintsiya na tarar da babura a ƙofar ɗakin karatu, mazan Kurawa zaune a inuwa, ba mai gaida wani. Magidanta talatin da ɗaya, iri kwano biyu. Baba Yero ne ya shiga, shi da bai taɓa taka wurin ba.

"Ɗiyata, to yanzu yaushe za mu shuka?"

Ta dubi kwamfuta, ta dubi kabad, makullin na hannunta.

"Har yanzu ban sani ba, Baba."

A waje na ji mazan sun fara miƙewa tsaye, suna matsowa ƙofa.