Ozell Tsakanin Begila da Ido

A unguwarmu ta Treme, duk mamacin da ba a raka shi da begilar Ozell Landry ba, sai ka ji tsofaffi na cewa an yi masa rowa. Ni ke dukan babbar ganga a bayansa tun muna samari, na san halinsa ciki da bai. Da rana magini ne. Manyan makaɗan jazz sun so su tafi da shi New York, ya ce shi fa ba ya zaman garin da ba a dafa wake da shinkafa ran Litinin kamar yadda ake yi a namu.

In za mu kai gawa, a hankali muke kiɗa, kowa na share hawaye. Da an binne, Ozell ne ke ɗaga begila sama ya tsaga iska, nan take titi ya kaure da rawa.

Da girma ya zo, idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce ƙarfin busar ne ke ƙara matsa masa ido, sai ya zaɓa: begila ko gani.

"Makaho ma ai yana busa," in ji shi da muka koma gidansa.

Na ce, "Yana yi mana, amma wa zai ja ka? Ni da ganga a tumbi ko ƙafata ba na gani."

Matarsa Verna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ozell, in ka makance da gangan ba zan yafe maka ba. Ko ka gaji da ganin fuskata ne?"

Ya yi kwanaki ko abincin kirki ba ya ci. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ran jana'izar wani direban bas, sai ga Ozell ba begila. Ya sha baƙar kwat, da lema mai ado a hannu, wai shi zai ja mana gaba. Da aka juya kiɗa, tsohon nan ya dinga taka rawa har mata na shewa.

Na ce, "Kai, ashe ƙafar ma ta iya!"

Ya ce, "Rufe baki ka buga, Clovis, kana ja mana kiɗa baya."

Ciwon idon ya tsaya inda yake, kuma har yau shi ke gaba, yana dariya. Amma in sabon mai busarmu ya ɗaga begila, daga inda nake ina hango yatsun Ozell uku suna danna sandar lema kamar maɓallan begila, suna bin kiɗan, ba sa kuskure ko ɗaya.