Hannun Rigar Yaya Lawali

Jama'a yau sai dai ku yi haƙuri da ni, bakina ba zai rufu ba. Ina cikin motar Cadawa zuwa Maradi, an matse ni tsakanin wata hajiya da buhun aya, sharjin wayata ya yi ja, amma wallahi sai na rubuta wannan. Yau da safe sarkin garinmu ya sa wa yayana Lawali riga a ƙofar fada, a gaban kowa da kowa! Kuma saura ƙiris abin ya watse, don mai rigar cewa ya yi ko ɗaure shi za a yi ba ya zuwa.

Bari in fara daga wajen Kaka, don daga can abin ya taso.

Kakarmu Hajjo, uwar Baba, 'yar wajen Gidan Rumji ce, aure ya kawo ta gabas. Har Allah ya karɓi abinshi ba ta saki maganar Gobirawa ba, "munka tahi, munka komo", mu yi ta kwaikwayonta tana jifanmu da ɓawon gyaɗa. Sunanta aka sa min, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara, har sunan ya bi ni gidan duka. Lokacin ɗari, in an gama kai hatsi rumbu, da an ci tuwon magariba sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ɗora kasko ta zuba aya. Ƙamshin nan kaɗai ya isa kiran taro. Ba ta cewa kowa ya zo, sai dai ka ga yara suna ɓullowa ta kowace kusurwa, kowa da ɗan zanen rufarshi.

Cikin masu zuwa har da Buba, ɗan rugar Fulani da ke bayan gonarmu. In an yi girbi shanunsu ne ke sauka gonarmu su ci kara su bar mana taki, tun zamanin kakanni haka ake. Uwarshi Goggo Adama takan aiko shi da nono, shi kuwa in ya ajiye ƙwaryar ba ya komawa, sai ya liƙe jikin Lawali. Sa'anni ne, kansu ɗaya. Kaka ta ce duka biyun mazanta ne.

"Ga mijina mai kawo nono," ta nuna Buba, "ga mijina mai shanyewa. Takwara, ke ce alƙali, wane za ni kora?"

"Mai shanyewa!"

Lawali ya kai min ranƙwashi, Kaka ta kai mashi muciya.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai wadda muke roƙo kullum. In za ta fara sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna, mun ba ta tabarma."

Wai a zamanin da, rigunan maza duk matsattsu ne, hannu daidai hannu. Akwai wani gari mai ganuwa da ƙofa ɗaya. Wata rana mahara suka zo, manya duk suna gona nesa, sai samari kaɗai a gari. Samarin suka taru suka tsaya a bakin ƙofa, suka ce ba mai shiga sai ta kansu. Aka kwana ana yi. Da gari ya waye mahara sun gudu, mata da yara ba wanda aka taɓa, amma cikin samarin nan mutum ɗaya ne ya tashi da ƙafarshi, wani Tanko.

Sarki ya ce a ɗinka wa Tanko riga irin wadda ba a taɓa gani ba, a sa mashi a gaban jama'a. Aka aika maɗinki ya gwada shi, aka nemi Tanko aka rasa. Nan Kaka ke sauke murya, ta zaro ido.

"Dogarai sunka diba ɗaki, babu. Sunka diba bayan gida, babu. Sai wani ya ji atishawa cikin rumbu. Anka buɗe, ga jarumin gari ya yi tsugune cikin hatsi, kai duk ƙaiƙayi, kamar kaza mai kwanci!"

Buba yakan yi dariya a wajen nan har ya faɗi kan tabarma, kullum kamar bai taɓa ji ba.

Aka kai Tanko gaban sarki. Sarki ya ce, kai da ba ka gudu wa mashi ba, riga kake gudu wa? Tanko ya ce, ranka ya daɗe, mu da yawa muka tsaya, riga kuwa wuya ɗaya gare ta. In na sa, iyayen waɗanda suka kwanta su kalle ni su ce me?

Sai sarki ya ce a bi gida gida, duk uwar da ɗanta ya kwanta a ƙofar nan, ta kaɗa zare da hannunta, a saƙa ƙyalle ɗaya da sunan ɗanta a kawo fada. Aka kawo. Maɗinki ya yi ta haɗawa a gefen rigar, wannan a dama, wannan a hagu, riga ta yi ta faɗi har hannuwanta suka kai ƙasa. Da aka sa wa Tanko, sai ya ga ƙyallayen abokanshi suna jan ƙasa. Ya ce ina, ba za su sha turɓaya ba ina tsaye. Ya tattaro na dama ya ɗora a kafaɗa, ya tattaro na hagu ya ɗora a kafaɗa.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "har yau in namiji ya sa babbar riga ba ya hutawa, yana ta aza hannunta ga kahwaɗa. Ku diba ubanku ran Juma'a."

Lawali ya ce, "Kaka, to ba nauyi?"

"Nauyi mana! Kai da ko tulu ba ka iya ɗauka, mi za ka sani ga nauyi? Ta ƙare, na ɗaure ta ga wutsiyar ɓera, wanda ya kamo shi tashi ce. Ku tashi ku ba ni wuri."

Mu a lokacin abin dariya muka ɗauke ta. Ran Juma'a mu laɓe muna kallon Baba yana gyara hannun riga, muna ƙyalƙyala. Akwai ranar da Lawali da Buba suka sato rigar sallar Baba daga igiya suka shige ciki su biyu, Lawali a wuya, Buba a hannu, wai su Tanko. Ba su yi nisa ba aljihu ya ɓarke. Dukan ranar har Buba sai da ya samu rabonshi, Goggo Adama kuma ta aiko a ƙara mashi.

To, an girma. Kaka ta rasu ina koleji. Su biyun suka shiga soja tare, aka tura su can bakin iyaka tare. Abin da ya faru can ban san shi duka ba, Yaya ba ya faɗi. Abin da muka ji shi ne an kawo hari wani ƙauye, su suka tare hanya har mutanen ƙauyen suka samu suka fita. Buba bai dawo ba. Lawali ya dawo da hannun hagu wanda ba ya ɗaguwa, sai dai ya rataya. An manna mashi medayi, lambar yabo, a bariki, ya zo ya jefa ta cikin kwallar Inna tare da su daddawa. Mutumin da in yana gida ba ka jin muryar kowa sai tashi, ya koma zaman zaure, ya kalli bango, a kai tuwo a ɗauko tuwo.

Sai ga dogari daga fada. Sarki zai karrama waɗanda suka yi wa ƙasa aiki: tsohuwar unguwarzomar da rabin garin a hannunta aka haife mu, da wani mushe, malamin boko, da ya ƙare ƙarfinshi a lakol ɗinmu yana koyar da yara, da Lawali, shi har da rawani, za a kira shi Garkuwa. Baba har ya sayo sabuwar hula. Lawali ya ce a'a.

Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa. "Gidan nan ba a taɓa mayar wa sarki da kyauta ba. Da wane ido zan ƙara shiga fada?"

"Baba, ka yi haƙuri. A kai wa wanda ya kwanta can."

Inna ta kira ni tana kuka, ta ce rana ta matso, ubanku ba ya barci, yayanki ba ya ci. Ina Maradi, na tattara kur ɗin satin, wato darussa, na watsar, na hau mota.

Na same shi a zaure. Na kira shi da muƙaminshi na soja, na ce, "Kapiral, an ce min ka shiga rumbu. Ina ƙaiƙayin?"

Wallahi sai da gefen bakinshi ya motsa. Ya ce, "Ke Takwara, bar ni. Waccan tatsuniya ce. Wannan shadda ce aka sayo a kasuwa, ba zaren uwar kowa a ciki."

Gaskiyarshi ce kuwa. Na zauna kusa da shi. Can ya ce, tun ranar gaisuwar rasuwar Buba bai ƙara taka rugar ba. In ya hango Goggo Adama da ƙwarya a ka, sai ya canza hanya. "Ta ba ni shi muka tafi, na dawo ni kaɗai. Yanzu kuma in wuce ta gabanta da rawani ana min kiɗa?"

Na ce, "To kai ka tambaye ta? Ko kai ka yanke mata?"

Da safe ya ce in raka shi rugar.

Mun tarar Goggo Adama tana tatsa. Ta ɗago ta gan shi, ta ci gaba da tatsarta har ta gama, sannan ta shimfiɗa mana tabarma. Yaya ya durƙusa, zai fara magana. Ita ta karɓe.

"Na ji labari. An ce ka ƙi rigar sarki. In ka ƙi, wancan zai dawo?"

Wancan take ce mashi. Buba ɗan fari ne, kuma kun san Fulani da kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi sunanshi bai taɓa fita daga bakinta ba.

Ta ce, "Ɓingel am, yarona, ni ba ni iya faɗin sunanshi. Ubanshi ba ya da rai. In ba ka je ka tsaya ba, wa zai faɗe shi a gaban mutane? Ina so in ji an faɗa da ƙarfi, ko sau ɗaya."

Yaya ya kifa kai a gwiwa. Ni kam na juya na yi kamar ina kallon maruƙa.

Yau ƙofar fada ta cika maƙil, har kan katanga yara. Aka yi wa unguwarzoma, mata suka kusa fasa mana kunne. Aka yi wa mushe. Aka kira Lawali. Dogarai biyu suka zura mashi rigar ta ka, shuɗiya, sai ƙyalli take. Ya tattaro hannun dama ya ɗora a kafaɗa. Na hagu kuwa ya zube har ƙasa, yana jan rairayi. Ya kai hannu ɗaya zai kamo, shaddar sabuwa ce, ta sulle. Ya sake, ta sake sullewa. Makaɗa suka tsaya. Na ce shi ke nan, yanzu zai cire ya tafi.

Sai na ga Goggo Adama ta fito daga cikin mata, ta ratsa fili ita kaɗai. Wani dogari ya yi kamar zai tare ta, sarki ya ɗaga mashi hannu. Ta duƙa, ta ɗauki hannun rigar, ta kakkaɓe rairayin, ta naɗe shi tsaf ta ɗora mashi a kafaɗar hagu, ta danna da tafinta. Ta ce, "Miƙe da kyau."

Ya miƙe. Aka naɗa rawani. Aka miƙa mashi abin magana, shi da ko gaisuwa ba ya amsawa da ƙarfi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Wanda muka tsaya tare sunanshi Abubakar ɗan Usmanu, Buba na rugar bayan gari. Ga uwarshi nan." Sanƙira ya ɗauka ya maimaita, jama'a suka amsa da addu'a. Goggo ba ta yi kuka ba, ta ja mayafi kawai ta rufe baki. Ni ce na yi abin kunya, guɗa da kuka a haɗe, waya a hannuna ina ɗaukar hoto. Baba kuwa sabuwar hular ce ya cire yana share fuska da ita.

Tun da motar nan ta tashi nake tunanin Kaka. Da ina ganin ta shirya tatsuniyar ne don ta ba mu dariya da Baba. Da na ɗan girma na ce a'a, wa'azi ne, wai kada ka ci yabo kai kaɗai. Yau na ga ba nan ta tsaya ba. Gari yana da godiya a ciki, uwa tana da suna a maƙogwaro, kuma dole sai an samu mai rai da zai tsaya a ɗora mashi. Wanda ya kwanta ba a iya sa mashi riga. Ashe karɓar ma aiki ne, wani tsaron ƙofar ne, kuma na ga yadda ya yi wa Yaya wuya. Allah ya jiƙan Hajjo, ya jiƙan Buba.

Kai, jama'a! Yanzun nan saƙo ya shigo, muna daf da Maradi. Yaya ne. Mutumin da tun da ya dawo in ka ɗaga waya sai ya juya baya, kada hannun ya fito. Ga abin da ya rubuto:

"Takwara, turo min hoton nan. Wanda Goggo take ciki. Zan kai a wanke babba, ɗaya zaure, ɗaya ruga."