Ranar da muka ciro Yaya Ibro daga rijiya

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka binne yayana Ibro a bayan garinmu, yankin Gangara, ƙasar Damargu. Na tsufa, na aurar da jikokinsa da hannuna, amma har yau in aka tambaye ni ko na fahimce shi, sai in rasa ta cewa.

Ibro mai haƙar rijiya ne. A wancan zamani Nasara sun riga sun zauna, ana kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin hanya, mu kuwa aka ƙyale mu, don a Damargu ruwa ya fi hanya wuya. Shi ke sauka cikin rami, ni ina baki da igiya, ina jawo ƙasa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wurin Ibro babu mai korar wani, tare suke zuwa. Duk abin da ya shiga kunnensa, da launinsa yake shiga. Kukan raƙumi, in ji shi, ja ne kamar jar kanwa. Sautin taɓarya a turmi rawaya ne. Muryar innarmu kuwa shuɗi ce, irin na rawanin Buzaye mai zuba a goshi. Ko bayan shekara ka sake tambayarsa, amsar ba ta sauyawa. Da farko ya ɗauka kowa haka yake, sai ranar da ya ce wa inna muryar ladan ta koɗe. Ta kai shi wurin malamai, ya sha rubutu, aka yi masa turare, ba abin da ya ragu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baiwa. Ni dai kunya nake ji in ana nuna shi a kasuwa.

A wurin aiki yakan buga dagi a ƙasan rami ya kasa kunne. Busasshiyar ƙasa toka-toka take amsa masa, wadda ta kusa ruwa kuma tsanwa. Ba kullum yake dacewa ba. Mun taɓa haƙa gaba ashirin a kan maganarsa muka tashi da ƙishirwa.

Wani rani muna haƙa wa Fulani rijiya wajen Tenhiya, da hantsi, gefe guda na ramin ya zube a kansa. Igiyar ta yi sako-sako a hannuna. Ni da makiyayan muka yi ta tono har la'asar, muka same shi a dunƙule ƙarƙashin itacen da muka tokare bango da shi, yana numfashi, kunnensa na dama yana jini. Da muka shimfiɗa shi a inuwa na rungume shi ina kuka.

Na ce, "Yaya, ka tsira!"

Ya zuba wa bakina ido. Ya ce, "Sake faɗi."

Na sake.

Ya ce, "Isuhu, muryarka ba ta da komai."

Kunnensa na hagu yana ji sarai, amma launukan sun tafi, ba su kuma dawo ba. Da muka koma gida liman ya zo barka, ya ce masa, "Ibro, tsira biyu ka yi. Ka fita daga ƙasa, iskar kuma ta fita daga kanka." Ya amsa da alhamdu lillahi, kuma na san har zuci ya faɗa. Amma bayan ƴan kwanaki, muna zaune gindin aduwa, ya ce mini, "Da, in liman ya ja Fatiha, nakan ga wani fari, ba na madara ba, ba na auduga ba. Shi nake sa ran in tarar a lahira. Yanzu kalmomin ne kawai. To, wa kuka ciro?"

Ban taɓa gaya masa cewa na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba shi da abin nan ba. An karɓi addu'ata, ga shi kuma ina kallon mutum yana ramewa da lafiyarsa.

Bai sake sauka rijiya ba. Ya koma noman gero, bai taɓa fashin salla ba, bai kuma ƙara tada maganar ba. Damina biyu ya yi, masassara ta ɗauke shi.

Yau ga rediyo a kowace rumfa, ga manyan motoci suna ratsa Tanut zuwa Agadas, ga injin da ke huda ƙasa a mako guda inda mu sai mu ci wata uku. Nakan ce, da yana nan da kunnensa na da, wane launi zai ba wannan hayaniya? Zai ji daɗi ko zai gudu daji? Wani likita a Damagaram ya taɓa gaya mini akwai masu irin halittarsa, ba ciwo ba ne, ba kuma iska ba. Na ɗauka zan sami natsuwa, sai ruɗanina ya ƙaru. In ba cuta ba ce, daga me liman ya ce ya tsira? In kuwa baiwa ce, me ya sa Mai bayarwa ya karɓe ta ranar da ya bar masa rai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa daga waje muka tsaya muna yi masa barka.

Rijiyoyinsa uku suna ba da ruwa har yanzu, masu sha ba su san sunansa ba. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Abin da ya bar mini ni shi ne tsoron yi wa wani hukunci a kan abin da ke cikin kansa. Ban san mene ne tsira a wurin kowa ba, tawa ma ban gama sani ba. Shi ya sa in na ɗaga hannu na ce Allah ya jiƙan Ibro, ba na shafawa sai na ƙara da cewa: ya Allah, in ka tashe shi, ka tashe shi da abin da na roƙe ka ka karɓe.