Damin Irin da Na Hana Turmi

Sun yi mana alkawari a gaban duniya, ba su cika ba. Ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe don a kira ni mai haƙuri ba.

Shekarar da damina ta yi mana wulaƙanci a Kwandiko, binne muka yi kamar kullum, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Ruwa ya sauka sau ɗaya, gero ya tsiro, sai ya ɗauke ƙafa. Tsiron ya ƙone. Muka sake shuka, da ta fara fitar da kai ruwan ya dawo da haukansa, ya kwantar da ita cikin taɓo. Abin da na tsira da shi na iri dami ɗaya ne, zangarniyar da na tsinto da hannuna, irin da na gada wajen innata.

Da rani wani baƙo ya zo da mota, ɗan wata ƙungiya, ya tara mu gindin tsamiya. Ya ce ƙasashen duniya sun zauna kan canjin yanayi, sun amince a tallafa wa irinmu, har iri mai saurin nuna zai zo. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha. To mu a wajenmu, maganar da aka shafa wa fatiha ta ƙare, ko ta aure ce ko ta iyakar gona. Mata suka koma gida suka sussuke irinsu, aka tuƙa tuwo. Yunwa ce, ban ga laifinsu ba.

Maigidana ya fara zagaya rumbuna.

"Ke, sauko da damin nan. Iri na tafe a mota, kina ta ajiye wa gara."

"Malam, ka ga motar?"

"A gabanki fa aka shafa fatiha!"

"Mu muka shafa. Su can sun shafa?"

"Bokon tsufa dai bai yi ba," in ji shi, ya kaɗe riga ya fita.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai. Malamarmu 'yar Birnin Kudu ce, sa'ar 'yata. Da aka tashi na tare ta a ƙofa, na ce ta faɗa mini yadda ake wannan zama na ƙasashen duniya.

"Inna, ba irin zaman gaban dagaci ba ne. Kowace ƙasa tana tura wakilai duk shekara. Ba a yanke komai sai kowa ya yarda, har da masu masana'antun da hayaƙinsu ya ɗumama duniyar, har da masu sayar da mai. In wata ta noƙe, sai a yi ta sassauta maganar har ta yi mata daɗi."

"Wanda ya yarda ya ƙi cikawa fa, wa ke kama shi?"

"Babu. Sai dai a kunyata shi a zama na gaba."

Tir! Wato wanda shanunsa suka cinye gonarki yana cikin masu yanke hukunci, kuma ba a ce an yi ɓarna sai ya ga dama. Na ce to a watsa taron mana, kowa ya huta.

"In an watse, a ina za mu gan su, Inna? Can ne kaɗai ƙaramar ƙasa ke duban idon babba ta ce mata ga abin da kika jawo mana."

Wannan ya fi ƙona mini rai, don gaskiya ne. Hayaƙin ba daga murhuna ya tashi ba, ba ni da hannun kashe shi. Dole su zauna, dole in so su zauna, ga shi kuma zamansu bai san lokacin shuka ba.

Na dawo gida na tarar an jingina tsani jikin rumbuna, an wanke turmi an kife.

Washegari, kafin a kunna wuta, na hau tsanin da kaina, na sauko da damin, na naɗa gammo na ɗora shi a ka, na kama hanyar Farin Dutse, gidan yayata, inda rumbunta ba mai hawa sai ita.