Yadda Tamu Futof Ya Kashe Aure

A Kwaya in ka ce Tamu, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Futof, ko akuya za ta nuna maka gidan.

Shekara shida ya yi yana kuku a gidan wani Ba'indiye a Kano, tun yana saurayi. Ya dawo da tabon mai a hannu da Ingilishi cikin cokali. Amma a wannan gari na Nijar, inda 'yan lakwal, wato 'yan boko, Faransanci suka karanta, mai cokali ɗaya ma attajiri ne. Takardar maganin shanu, kwalin batir, duk abin da ya tsallako daga Najeriya wajensa ake kaiwa. Sai ya gyara hula, ya nisanta takardar da idonsa, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Shanun da suka rayu su ne shaidunsa, waɗanda suka mutu kuwa ba sa magana.

Jarinsa kalma ɗaya ce, "put off", wadda bakinsa ya mayar futof. Ya fi sau dubu Ba'indiyen yana jefa masa ita a kan fitila, murhu da fanka.

"Ma'anarta kashe," in ji Tamu. "Ba ta da wata. Ingilishi ba ya kwana-kwana."

'Yarsa Saliha, malamar lakwal a Bande, ta samu wanda take so: Abdulmajid, Bayerabe mai sayar da kayan babur a Maigatari. An sa rana bayan kaka. Yayan ango, wanda ba ya jin Hausa, ya turo saƙo a salular Tamu. Tamu ya bi layi uku bai ga ɗan garinsu ba, sai ga tsohon abokinsa futof zaune kusa da kalmar biki.

"Sun kashe auren," ya gaya wa matarsa Fati.

Fati ta roƙe shi ya jira Saliha ta zo ranar Juma'a. Ina! Ya danna salula ya yi musu saƙon murya da Ingilishi. Sauran Ingilishin nasa kuwa duk wanda Ba'indiye ke yi masa ne ranar da miya ta ƙone.

Ranar Juma'a Saliha ta karanta saƙon a tsaye, jakarta na kafaɗa.

"Baba, ɗaga bikin suka yi zuwa Janairu. Za a yi wa uwar Abdulmajid aikin ido."

"Futof kashe ne."

"Ɗagawa ne, Baba. Jinkirtawa, turawa gaba. Mun yi ta a lise, a ajin Ingilishi na sakandare."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara tara."

Wannan ta fi komai yi masa zafi. Shekara tara yarinyar nan tana zuba masa shayi yana fassara wa gari, ba ta taɓa ko yin tari ba.

Akwai saƙo na biyu, amsar nasa, wanda ya ɓoye. Ya miƙa mata.

"Ga futof ɗin nan kuma. Wannan karon zuwa yaushe suka ɗaga?"

Saliha ta karanta, ta zauna a kan turmi.

"Wannan wata ma'anar ce. Sun ce maganarka ta sa abin ya fita ransu."

Kalma ɗaya, fuska uku, kuma ta ukun shi ya saye ta da bakinsa. Tamu ya ji tsoro na gaske, domin ya ga 'yarsa tana kallon ƙasa don kada ya ga idonta.

Da safe ya sa babbar rigarsa ya tare kabu-kabu zuwa Maigatari. Fati ta biyo shi ƙofar gida.

"Malam, da wane yare za ka ba su haƙurin? Yayan ba ya jin Hausa."

Tamu ya cire hular da ya saba gyarawa, ya cusa ta a aljihu.

"Durƙuso ba ya buƙatar tafinta," ya ce, ya hau babur.