Rantsuwata a Garin Ruwa

Ladanin unguwarmu bai gama kiran assalatu ba na riga na ɗaure akwatina, na kwance, na sake ɗaurewa. Muna idar da salla muka tashi daga Gumbihini, unguwarmu a Tamale, zuwa filin jirgi, mu huɗu a bayan motar ofis. Damina ce sosai a lokacin, hanya duk taɓo, ga mutanen Gumani a kan kekuna suna kai sabuwar doya kasuwa. Gwamnatinmu, wadda ita ma sabuwa ce, ita ta tura mu Italiya kwas na mako shida kan aikin ruwan famfo. Ni ne ƙarami, ni kaɗai kuma na yi jami'a. Saboda haka, ko watakila saboda an san ni da duba abu sau uku, aka damƙa mini fasfo da tikitin kowa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Mu tagwaye ne. Ɗan'uwana Alasan ya rasu a mashigin kogi na Yeji muna samari. Ran nan babban jirgin fito da ke ɗaukar motoci ya lalace, muka shiga kwalekwale. A tsakiyar kogi iska ta fizge hularsa, ya miƙe tsaye zai cafe ta. Shi ke nan. Sai rana ta uku aka same shi.

Ana gobe tafiya, da la'asar, mahaifiyata ta kira ni ɗaki.

"Fuseini, an ce ƙasar nan a bayan teku take."

"Ta sama za mu bi, Mma."

"Ban tambaye ka sama ba. Rantse mini da Allah ba za ka sa ƙafa a jirgin ruwa ba, babba ko ƙarami, har ka dawo ɗakin nan."

Na rantse. Ban ga wata wahala a ciki ba, tunda tikitina na sama ne tun daga Tamale.

Ba zan tsawaita kan Ankara, babban birninmu na Gana, da birnin Rum ba, ko kan kwas ɗin kansa. Bututu ne da tankuna da lissafi. A makon ƙarshe, farkon watan Oktoba, masu masaukinmu suka ce sun shirya mana kyauta: kwana uku a Venis. Na taɓa karanta cewa gari ne mai magudanan ruwa. A raina na ɗauka irin manyan kwatocin da ke gefen titi ne.

Tun a jirgin ƙasa na fara gane kuskurena. Na leƙa dama, ruwa. Na leƙa hagu, ruwa. Layin dogo ne siriri a kan gada, ya miƙe cikin teku. Da muka fito daga tasha sai na tsaya cik. Matakalar da ya kamata ta sauka kan titi, cikin ruwa ta sauka. Babu mota, babu jaki, babu ko keke ɗaya. Mutumin Tamale ya ga gari babu keke! Gidaje masu hawa uku da huɗu suna tsaye cikin ruwa kore, ƙofofinsu a buɗe, igiyar ruwa tana lasar dokin ƙofa. Ga wani jirgi mai inji ya tsaya kamar bas, mutane suna shiga da jaridunsu a hammata.

Abokan tafiyata suka nufe shi. Dole na ja babbanmu gefe, dattijo ne da ya daɗe a aikin famfo, na gaya masa rantsuwata. Ya dube ni, ya dubi garin.

"Malam Fuseini, duk garuruwan duniya, nan ka zaɓa ka kawo wannan rantsuwa?"

"Ba ni na zaɓa ba, Baba."

"To, Allah ya ba ƙafarka lada. Mu dai mun yi nan."

An tabbatar mini ana iya zuwa masauki a ƙasa, idan mutum ya san gadojin. Ban san su ba. Lungunan garin wani ko mutum biyu ba sa giftawa, kuma kowane lungu ko dai ya kai ka gada mai matakala, ko ya kai ka bakin ruwa ya bar ka. Hannuna ya gaji, na ɗora akwatin a ka kamar ɗan dako, da kwat ɗina da lakataye a wuya. Mata suka riƙa leƙowa ta taga. Wani ya nuna ƙaramar tutar da ke maƙale a ƙirjina ya ce, "Gana?" Na ce e. Ya ɗaga mini hula. Ban sani ba ko ƙasar yake gaisarwa ko akwatin. Na isa masauki bayan awa biyu, na tarar da mutanena sun yi wanka sun sha shayi.

Kwana biyu na yi ina yawo a ƙasa, kuma ina tsammanin na ga abin da masu jirgi ba su gani ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, duk wannan ruwa ba a sha. Gishiri ne, ga ƙarni, ga abin da ake zubarwa daga gidaje. Na tuna matanmu a watan Maris, suna sammako da garewani zuwa madatsa, suna faɗa kan ruwa ja kamar koko. Nan kuwa ruwa ya zo har ƙofar ɗaki, ba ya ko alwala. A tsakiyar kusan kowane fili akwai rijiya ta dutse an rufe bakinta da ƙarfe. Mai masaukinmu ya bayyana mini, da hannu fiye da baki, cewa ba rijiya ba ce irin tamu. Kakanninsu ne suka haƙa rami suka cika da yashi, ruwan sama ya bi ta ciki ya tace kansa. Na zana ta a littafina. Ban ce za ta yi aiki a wajenmu ba, ƙasarmu dabam ce, amma ina ganin ya kamata a gwada.

A babban filin garin, gaban wata majami'a da aka shafe da zinariya, na ga tattabaru da ba sa ƙirguwa. Suna sauka a kan mutane, a kafaɗa, a ka. Ana sayar da masara a ƙunshi don a ba su. Na tambaya na wa ne, aka ce ba na kowa ba. Na tambaya yaushe ake yanka su, mutumin ya ja da baya kamar na zagi ubansa. A nan filin na zauna na sha kofin shayi ɗaya, aka caje ni abin da zai sayi zabo a kasuwar Tamale. Daga baya na gane cewa in ka sha a tsaye a bakin kanta, kuɗin bai kai rabin haka ba. A garin nan zama ma sayensa ake yi.

Abinci kuwa, na sha fargaba. Komai sai na tambaya ko da alade, har ma'aikacin gidan abincin ya riƙa girgiza kai tun daga nesa in ya hango ni. A kasuwar kifi na ga halittun da ban san Allah ya yi su ba, masu hannu takwas, masu ƙaho. Ɗaya daga cikinmu ya yi jarumta ya ci wata taliya baƙa ƙirin, haƙoransa suka koma kamar ya tauna gawayi. Ni abin da ya cece ni wani abu ne rawaya da suke tuƙawa da garin masara. Tuwo ne, jama'a, tuwo sak, miya ce kawai ba su iya ba. Da yamma sanyi yakan sauko da hazo, a kusurwoyi ana gasa wasu 'ya'yan itace masu ɗanɗanon dankali, ga inabi sabon tsinka ko'ina.

Rana ta biyu abokaina suka tafi tsibirin da ake hura gilashi da baki. Na raka su bakin ruwa na dawo. Ina tsaye a kan wata gada sai ga baƙin jirgi ya ratso ƙarƙashina da akwatin gawa da furanni. Ashe maƙabartarsu ma a tsibiri take. Ko gawa sai ta hau ruwa. Na daɗe a wurin, har wata mata ta taɓa ni ta tambaya, ina jin, ko lafiya.

Ranar tafiya jirginmu na ƙasa ƙarfe goma zai tashi, ya haɗa mu da jirgin sama a Rum, wanda in ya wuce sai wani mako. Da safe aka busa wata jiniya. Na sauko na tarar da ruwa a falon masauki har idon sawu, mai gida ya ɗora kujeru a kan tebura, yana sanye da takalmin roba yana share kofuna. Ya ce haka teku ke yi in kaka ta shigo, zuwa azahar zai koma. Ba ruwan sama, ba hadari, ruwa kawai ya taso daga ƙasa.

Na fita ƙarfe bakwai don in riga su isa, ban jira sun sauko ba. Sai da na yi nisa na tuna takardun kowa suna aljihun cikin kwat ɗina, inda suke kwana tun daga gida. Na ce ba komai, awa uku ta isa.

Ba ta isa ba. Hanyar da na haddace ta ɓace. A wasu wurare an jera katako a kan ƙafafu ana bi, a wasu babu. Ruwa ya kai gwiwa, kuma ba ka san inda daɓe ya ƙare, inda rafi ya fara ba. Sau ɗaya na miƙa ƙafa na ji babu komai a ƙarƙashinta. Na rungume bango. Na juya, na sake juyawa, na dawo gaban rijiya ɗaya sau uku. Can na ɓullo bakin babban rafin da ya raba garin biyu, babu gada dama, babu hagu. Agogon wata majami'a ya buga tara da rabi.

Wata tsohuwa da kwandon albasa tana tsaye a wurin. Na faɗi kalmar tasha da harshensu. Ta nuna ƙetare, ta miƙe hannu alamar hanya ɗoɗar. Sai ga abin fiton ya iso: kwalekwale ne dogo, baƙi, matuƙa biyu. Mutanen ciki kuwa duk a tsaye suke. A tsaye! Maza da jakunkuna, mata da jarirai, ba wanda ya riƙe komai. Al'adarsu ke nan wajen fito. Nan take na ga hular Alasan tana tafiya a kan ruwa.

Na bar shi ya tafi ya dawo, tsohuwar ma ta tsaya tare da ni. Na auna abin ta kowace fuska da na iya. Ga rantsuwa da sunan Allah a gaban uwata. Ga mutum uku a tasha, ba su da ko takardar da za ta nuna su su wane ne, don sun yarda da ni. Har yau ban tabbata na auna daidai ba. Na yi bisimilla na shiga.

Amma ni ban tsaya a tsaye ba. Na zube a ƙasan jirgin, cikin ruwan da ya taru, na rungume akwati na rufe ido. Matuƙin ya yi ta faɗa, aka yi dariya. Sai na ji hannu a kaina. Tsohuwar nan ce ta dafa ni kamar turke, ba ta ɗauke ba har muka taɓa ƙetare. Fatiha biyu na karanta, ta ukun ma ban kai ƙarshe ba.

Na isa tasha da gudu, saura minti biyar. Babbanmu ya dubi wandona da ke ɗiga.

"Ka haye?"

"Na haye, Baba."

Ya buɗe jakarsa ya miƙo mini wando busasshe.

Mun sauka Tamale ciyawa ta fara ja, gyaɗa a shanye a kowane tsakar gida. Aka yi ta barka da zuwa, ana tambayata Turai. Kwana biyu ina raba tsaraba, ban iya haɗa ido da Mma ba. Na je wajen limamin unguwa na gaya masa, ya ce kaffarar ita ce in ciyar da miskinai goma, kuma ba dole ne in tayar wa tsohuwa hankali ba. Na gode masa. Amma a gabanta na rantse. Idan tafiyar nan ta koya mini wani abu, shi ne kada in ƙara rantsewa kan hanyar da ban gani ba, kuma wanda na yi wa alkawari shi ya fi cancanta ya ji yadda na karya shi.

Rana ta uku bayan azahar na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗi komai. Hannunta bai tsaya ba. Ta ɓare sun fi ashirin kafin ta yi magana.

"A tsaye kake ko a zaune?"

"A zaune, Mma. A ƙasa, cikin ruwa, da kwat ɗina."

"Su mutanen fa?"

"Duk a tsaye. Har tsofaffi."

"Allah ya shirye su." Ta goge ido da bakin mayafi. "Mutum nawa liman ya ce?"

"Goma."

"Tashi ka sayo masara da kuɓewa. Ni zan tuƙa."

Washegari ta jera kwanuka a tsakar gida. Na ƙirga, kamar yadda na saba, sau uku.

"Mma, goma aka ce. Waɗannan sha ɗaya ne."

"Na sani," ta ce, tana zuba miya. "Ɗayan sadakar Alasan ce. Shi bai zauna ba."